Kunun Gwaggo Hajo

Assalamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Na daɗe riƙe da wayar nan kafin na iya fara rubutu, don abin da zan ba ku yau har yanzu bai bar raina ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mubina, haifaffiyar unguwar Hindawiyya a nan Makka. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Ina zaune da Umma da Baba a wani tsohon bene, hawa na uku, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ruri dare da rana har mun daina jin ta. Baba yana da ɗan shagon dardumai da carbi a bakin titi. Ni kuma ina aiki a wani otal a Jarwal, a teburin karɓar baƙi na ɓangaren mata. Duk hajiyar da ta zo daga Kano ko Maraɗi ba ta jin Larabci, wurina ake turo ta.

Wanda zan aura Yaya Sa'ud ne, ɗan Gwaggo Hajo yayar Babana, suna zaune a unguwar Shisha. Ba wanda ya ɗora min shi, wannan in faɗa tun da wuri. Ni na so shi tun ina makaranta, lokacin da yake zuwa gaida Baba da farar jallabiyarsa mai ƙamshin turaren udu, ni kuma ina leƙensa ta bayan labule. Da aka sa ranar milka, wato ɗaurin aure kamar yadda muke cewa a nan, sai da na yi sujada.

Abu biyu ne Gwaggo ba ta so a tare da ni. Na farko aikina. Na biyu jikina. Ni siririya ce tun fil azal, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta kama damtsena ta jijjiga, ta ce wa Umma, "Rahmatu, wannan sillen karan za ku kawo min? Ai sai mutanen Shisha su ce ba ku da tukunya." Umma takan yi dariya, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Bayan sa rana ba da daɗewa ba Gwaggo ta aiko da garin kunu a wani babban bokiti mai murfi. Ta ce gyaɗa ce da dabino da hulba, haɗin gyaran amarya. Kullum bayan asuba Umma ta dama, ta cika min wani shuɗin filas in tafi da shi aiki. Kunu ne mai daɗi wallahi, ga kauri ga ƙamshi.

Cikin 'yan watanni na zama wata. Kumatuna suka cika, fuskata ta yi zagaye kamar faranti, abayoyina suka kama ni a kafaɗa sai da aka kai wa tela. Zoben da Yaya Sa'ud ya ba ni ya ƙi fita. Duk inda na shiga sai a ce tubarkalla, amarya ta karɓi aure tun kafin a ɗaura. Shi kuwa kowace safiya saƙonsa na riga ni shiga motar otal, da 'yar gaisuwarsa ta Larabci:

"Sabahul hair ya galbi. An sha kunu?"

In amsa da hoton filas ɗin, ya turo min zuciyoyi jajaye. Ina ta jin daɗi ina cewa wace mace ce ta yi dacen da na yi.

Sai ciwon kai ya fara. Irin wanda ke sara daga ƙeya ya zagayo ido. Mura ta ƙi rabuwa da ni, ta tafi yau ta dawo jibi. Barci ya ƙaurace min, ga ƙishirwa kamar na yini a Arfa. Matakalar gidanmu da nake hayewa da gudu sai na huta a kowane hawa, cinyoyina suna rawa. Wasu jajayen zane suka fito min a ciki da cinya, ban nuna wa kowa ba don kunya. Haka na shiga ɗaukar ijaza, wato hutun rashin lafiya, yau kwana ɗaya, wani mako kwana biyu. Duk ranar da na kwanta kuwa sai Gwaggo ta bugo wa Umma waya ta ce ga shi nan dai, aikin nan ne zai kashe yarinyar, a sa ta ajiye kafin biki. Har Umma ta fara bin bayanta. Baba ne kaɗai yake cewa a bar ni in yanke da kaina.

A otal ashe ba ni kaɗai ba ce. Bayan cunkoson Umrar azumi, masu gyaran ɗakuna rabi suna kukan ciwon baya, mu na teburi ƙafafu da ciwon kai, mura kuwa kowane jirgi da irin wadda yake kawowa. Sai mudirarmu, wato shugabarmu a wurin aiki, ta tara mu ta ce kamfani ya kawo shirin kula da lafiyar ma'aikata don a rage yawan ijaza. Aka gyara wani ɗaki a ƙasa kusa da wurin wanki, aka sa gado da ma'aunin jini da ma'aikaciyar jinya kullum, likita kuma ranar Lahadi da Laraba. Aka kawo mana dogayen kujeru a teburi maimakon tsayuwar yini. Aka koya wa masu gyaran ɗaki yadda za su ɗaga katifa da gwiwa ba da baya ba. Aka yi mana allurar mura, aka ajiye ruwan sha a kowane hawa. Kafin a fara dawam kuma, wato lokacin aiki, sai mu taru mu matan a wani falo mu yi miƙe-miƙen jiki na ɗan lokaci. Ku zo ku ga ƙawata Shaima tana ƙoƙarin taɓa yatsun ƙafarta cikin abaya tana cewa ita aikin otal ta nema ba aikin soja ba.

Ni ban yi dariya sosai ba. A raina cewa nake wannan tarko ne, so suke su gane masu yawan fashi su sallame su. Da mudira ta ce duk wadda ijazarta ta yi yawa za ta fara ganin likita, kuma ta kalli inda nake, sai na kau da kai. Na yi ta zillewa har Shaima ta kama hannuna ranar wata Lahadi ta kai ni ƙofar ɗakin da kanta.

Likitar sunanta Dakta Maryama. Da ta ga sunan kakana sai ta juya harshe zuwa Hausa, irin ta Sakkwatawa, ta ce ita ma jikar alhazai ce. Ta fara da kwantar min da hankali cewa abin da za mu tattauna ba ya zuwa ofishin mudira, su dai abin da za a gaya musu shi ne ko zan iya aiki ko ina bukatar hutu. Ta ɗaura min abin awon jini a hannu. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sai na ga ta daina murmushi. Ta soki yatsana ta auna suga.

Ta tambayi shekaruna, na ce ashirin da huɗu. Ta tambaya ko akwai tsohon hotona a waya. Na nuna mata na ƙaramar sallar bara. Ta daɗe tana kallon hoton tana kallona. Sannan ta ce in buɗe cikina, ta ga zanen nan da nake ɓoyewa.

"Ƙanwata, wane magani kike sha?"

Na ce ba komai sai na ciwon kai.

"Na mai fa? Na shafawa don haske, ko na ƙara jiki?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce mata ni ko man bilicin ban taɓa shafawa ba. Ta ce kada in ji haushi, jinina ya hau irin hawan da bai kamaci yarinya kamata ba, suga ma haka, kuma duk alamun da ta gani sun yi kama da na wanda ya daɗe yana shan wani magani mai ƙarfi dangin kotizon. Ta tambayi abin da ya shigo cikin cina ko shana a watannin nan wanda da babu shi. Na yi tunani na ce kunu ne kawai, na gyaɗa da dabino. Ta ce gyaɗa da dabino ba sa yin haka. Ta ɗebi jinina za a kai gwaji, ta ce in dawo Laraba da duk abin da nake sha, har garin kunun in ɗebo mata kaɗan.

Na fito ina cewa likitoci dai da neman magana. Kwana biyun nan na sha kununa kamar kullum, sai dai a karon farko na riƙa jin wani ɗan ɗaci a can ƙarshen harshe, na rasa ko da ma yana nan ko zuciyata ce.

Ranar Laraba na tashi da wuri don in ɗebi garin kafin Umma ta shiga kicin, ba na so ta yi min tambaya. Baba bai dawo daga masallaci ba. Na sa abayata baƙa mai ɗinkin toka a hannu, na yafa gyale, na ɗauki 'yar leda na nufi kicin ba takalmi. Ashe ta riga ni.

Tana tsaye ta ba ni baya, kunun yana tururi a kwano. A gabanta akwai ƙaramin turmin ƙarfe da muke daka hel, kayan ƙamshin da ake sa wa gahawa. Na ga ta ɓallo wasu ƙananan ƙwayoyi farare daga cikin takardarsu, ta zuba a turmin, ta murƙushe su a hankali yadda ba za a ji ƙara ba. Ta juye garin a kunun, ta juya da ludayi, ta ɗura a shuɗin filas.

'Yan uwa, ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Hannun da ya yi min wanka, ya yi min kitso, shi nake kallo.

"Umma, mene ne wannan?"

Ludayin ya faɗi ƙasa. Ta juyo tana ƙoƙarin tura takardar ƙwayoyin ƙarƙashin tire, na riga ta na ɗauke. Ta ce bitamin ne. Na ce in bitamin ne me ya sa ake dakawa a ɓoye. Sai ta zauna a kan bokitin garin ta fara magana da sauri, idonta a ƙasa. Ta ce Gwaggo ce ta kawo tare da garin, ta ce duk amaren yanzu shi ake ba su, a can gida Kano sha-ka-fashe ake ce masa, ba ya komai sai buɗe ciki. Ta ce an san halina, in an gaya min ba zan sha ba. Ta ce shekara da shekaru Gwaggo tana yi mata gorin ba ta iya kiwon 'ya ba, ita kuma ta gaji. Da ƙwaya ɗaya aka fara, da biki ya matso Gwaggo ta ce a ƙara, yau ma har uku ta saka.

Na gaya mata abin da likita ta ce game da jinina da suga. Na ɗaga rigata na nuna mata cikina. Umma ta kalli zanen nan, ta ɗora hannu a baki. Sai hawaye. Ta miƙo hannu za ta taɓa ni, ni kuma na ja da baya. Ban taɓa yi mata haka ba tunda aka haife ni.

"Baba ya sani?"

Ta girgiza kai. Ta ce in rufa mata asiri, in ya ji ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Ban jira komai ba. Na ɗauko filas ɗin daga kicin na bar shi a kan teburin falo, na jefa ƙwayoyin a jaka, na sauka. Ban tsaya Baba ya dawo ya raka ni bakin titi kamar yadda ya saba ba, don na san in ya ga fuskata sai ya tambaya.

A motar otal na zauna can baya na sauke nikabi. Muna barin unguwa saƙon Yaya Sa'ud ya shigo, irin na kullum, yana tambayar ko an sha kunu. Na ɗauki hoton takardar ƙwayoyin na tura masa ba tare da ko kalma ɗaya ba. A raina ina cewa yanzu zai kira hankali a tashe, ya ce mene ne wannan, wa ya ba ki. Har na fara tunanin yadda zan gaya masa ba tare da na zagi mahaifiyarsa ba.

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan:

"Wa ya nuna miki?"

Na karanta na sake karantawa. Na rubuta masa, "Ka sani ke nan?"

"Mubi, kar ki ɗauki abin da zafi. Ni na karɓo wa Hajiyarmu a wurin wani mai kawo kaya daga gida. Ya ce ba shi da illa. Matar abokina ma ta sha."

"Wata nawa kana tambayata ko na sha kunu?"

"Don ina son ki ne. Ke ba ki ga yadda kika yi kyau ba? Kowa yana faɗa."

Na rubuta masa cewa jinina ya hau, suga ya hau, ba na barci, ba na iya hawa bene. Ya ce wannan gajiyar aiki ce, shi ya sa tun farko suka ce in ajiye. Ya ce likitocin kamfani ba abin da suka sani sai hana mutum hutu. Daga ƙarshe ya roƙe ni kada in gaya wa Kawu, wato Babana, a bari a yi milka lafiya, in ya so bayan nan in daina sha.

Na rufe saƙon. Ya kira, na ƙi ɗauka. Na zauna ina kallon zoben da ya nutse a yatsana, naman ya kumbura ta kowane gefe. Shaima da ke kusa da ni ta tambaya ko kan ne ya tashi, na ce eh.

Ban shiga miƙe-miƙen safe ba, kai tsaye na sauka ɗakin likita. Dakta Maryama tana ganin takardar ta ce abin da ta yi zargi ne, kuma sakamakon jinina ya nuna haka. Ta ce maganin na gaske ne, ana ba masu ciwo mai tsanani da awo da lissafi, amma ba a sha don ƙiba. Abin da nake gani a fuskata ba lafiya ba ce, kumburi ne da kitsen da ya taru inda bai kamata ba. Na ce mata daga yau ko a mafarki ba zan ƙara sha ba.

Ta ce a'a, nan ne haɗarin yake. Jikina ya saba, ya daina yin nasa, in na yanke lokaci ɗaya zan iya faɗuwa a rasa ni. Dole a riƙa rage min a hankali a ƙarƙashin kulawar asibiti, kuma yau ɗin nan za ta tura ni. Ku ji fa, abin da aka zuba min a ɓoye, yanzu ni da hannuna zan riƙa haɗiya, watakila har bayan ranar da aka sa ta biki. Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, ta miƙo min ruwa, ta ce yawancin abin zai koma daidai in an bi a hankali, kuma aikina ba zai taɓu ba, za a mayar da ni dawam na safe kawai har in warware.

Tana cikin rubuta min takardar asibiti ta ɗago kai.

"Akwai wanda yake shan kunun nan tare da ke?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna da Baba.

Babana yana da ciwon suga shekaru da yawa. Umma ta hana shi duk wani abu mai zaƙi, shayinsa ma salam yake sha. Kowace safiya in ya rako ni bakin titi jiran mota, shi yake riƙe min filas, ni kuma in tsiyaya masa cikin murfin ya shanye kafin motar ta iso, ya goge gemu ya ce kada Rahmatu ta ji. Wani lokacin in kunun ya ishe ni har murfi biyu nake ba shi. Kuma watannin nan sugansa ya ƙi sauka. An canja masa magani, an ƙara masa allura, ƙafarsa ta yi wani ɗan ciwo da ya ƙi warkewa, likitansa yana ta yi masa faɗa cewa yana cin abin da aka hana shi.

Na gaya mata duka. Ta ajiye biron ta ce in kira shi yanzu, kada ya ƙara kurɓar ko cokali ɗaya, kuma a kai shi asibiti yau tare da ni.

Na kira wayar Baba ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, sai Umma ta ɗauka da muryar wadda ta sha kuka, ta ce ya manta wayar a kan dardumarsa, ya fita shago tun ɗazu.

"Umma, ki saurare ni. Baba ma yana shan kunun nan. Kullum ni nake ba shi. Ki zubar da na yau, ki wanke filas ɗin, yana kan teburin falo."

Na ji takunta daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa kicin, ta dawo. Sannan ta yi magana a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Mubina, filas ɗin ba ya kan teburi. Na ɗauka ke kika tafi da shi."